Sunan 'Yar Sahura

Ku matso kusa, hannu na ɓarar gyaɗa, kunne na saurare. Wadda ta san barci take ji ta tashi tun yanzu, don labarin nan ba a jin sa a kaɗe zane a tafi. In na kai ƙarshe kowacce sai ta faɗi hukuncinta, kuma ba zan karɓi "oho" daga bakin wadda ta ci tuwona ba.

A wani gari da ake kira Tudun Kanya an yi wata mata mai suna Sahura, matar Tanimu kafinta. Awara take yi. Ita ke jiƙa waken, ita ke tata, ita ke suya, kuma in ba haihuwa ba, ba a taɓa ganin ta kwance ba. 'Ya'yanta huɗu, duk maza. Tana son su kamar ranta, amma burinta 'ya mace. Har 'yan kunne ƙanana ta saya ta ɓoye a ƙasan akwati, ta kan ɗauko ta duba ta mayar.

Ana nan sai aka fara duba mata kyauta a asibitin garin, kuma mata ne ke duba 'yan'uwansu mata. A duba nono, a duba bakin mahaifa saboda ciwon daji, a ɗebi jini saboda cututtukan da ake ɗauka ta kwanciyar aure. Da aka gaya wa Sahura sai ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Ni da nake daka da taɓarya biyu? In je a tono mini abin da ban ajiye ba?" Kada ku yi mata dariya. Rabinku haka kuke faɗa, na sha jin ku da kunnena.

Mata uku ne suka shiga lamarin Sahura. Ta farko ita ce Suwaiba mai kitso, ƙawar Sahura tun suna tallan gyaɗa. Suwaiba ta je an duba ta ba a ga komai ba, amma malamar asibiti ta gaya mata cewa irin wannan ciwo shiru yake farawa, babu zafi babu alama. Maganar ta zauna mata. Duk kan da ya shigo tsakanin gwiwoyinta sai ya sha wa'azi. Sahura kuwa ta sha har ta gaji, ko gezau.

Sai bikin ƙanwar Sahura ya zo. Ana gobe kamu ta je kitso. Suwaiba ta tsefe kan tas, ta kama shuku, ta kitse ɓangaren dama sumul, sannan ta ajiye tsinke ta goge man hannunta.

Sahura ta ce, "Lafiya?"

Suwaiba ta ce, "Lafiya lau. Sauran rabin yana asibiti, tashi mu je mu ɗauko."

To a garin nan mai kitso ba ta ɗora hannu a kan aikin da wata ta fara, Sahura ta sani. Ta yi zagi, ta yi magiya, ta ɗaura ɗankwali ta duba madubi, ta ga gefe ɗaya a kwance, gefe ɗaya ya tashi kamar gammo. Yayar amarya ba ta shiga taro haka. Ta ja mayafi tana huci, Suwaiba na biye da ita har ƙofar ɗakin gwaji. Da suka dawo ta ƙarasa mata kitson. Daga ranar Sahura ta daina gaishe ta. Labari ya bazu cewa Suwaiba na garkuwa da kan mutane, mata da yawa suka ɗauke kawunansu suka kai wani wuri. Suwaiba ta ji zafin rashin ciniki, ta fi jin zafin rashin ƙawa, amma ko sau ɗaya ba ta ce ta yi nadama ba.

Abin da Suwaiba ba ta sani ba shi ne an ga wani abu. Malamar asibiti ta zaunar da Sahura ta ce mata akwai tabo a bakin mahaifa. Bai zama daji ba tukuna, amma hanyar ya kama, kuma ya yi faɗin da sai babban asibitin birni za a iya cire wurin. Ta ce aikin ƙarami ne, mahaifa na nan a inda take. Sahura ta ji duka, sai dai ta fi gaskata zancen bakin rijiya, inda ake cewa duk wadda aka tura birni ba ta dawowa da mahaifarta. Ta tuna 'yan kunnen ƙasan akwati. Ta je biki ta yi rawa, ta dawo ta kama bakinta, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta biyu ita ce Inna Ramatu, tsohuwar da ke wankan gawar mata a garin. Kowa na girmama ta, kowa kuma na ɗan jin tsoron ta. Ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaciya ba, ko da wasa.

Watanni suka wuce, tsoro na cin Sahura ta ciki. Jikin da take taƙama da shi ya fara zubewa, ba don ciwo ba, don tunani. Wata safiya ta zuba awara a kwano ta tafi gidan Inna Ramatu, ta durƙusa ta ce, "Inna, in ta Allah ta kasance ke za ki wanke ni. Na zo ne ki rufa mini asiri." Ta kwashe komai ta faɗa mata.

Tsohuwa ta saurare ta har ƙarshe. Can ta shiga ɗaki ta fito da wani zane da ya koɗe, ta shimfiɗa a cinyarta. Na 'yarta Baraka ne, wadda ta rasu shekarun baya, garin kuma ya tafi a kan cewa sammu aka yi mata. Inna Ramatu ta ce ba sammu ba ne. Wannan ciwon ne. Baraka ta yi ta zubar da jini tana ɓoyewa saboda kunya, har ya kai ba a iya zama kusa da ita, da aka kai ta asibiti likita ya ce an makara.

Ta ce, "Ni na wanke ta da hannun nan. Baraka ba ta sami wanda ya ce mata bai zama ba tukuna. Ke an ce miki, shi ne kika zo kina ba ni aikin wanka? Ɗauki kwanonki, 'yar nan. Je ki gaya wa mijinki. In wata ta tambaye ki wa ya sa ki, ki faɗa mata labarin Baraka, na yarda."

Ku sani, wannan magana ko mijinta marigayi ba ta taɓa yi da shi ba. Bayan Sahura ta fita, tsohuwar nan ta kwanta zazzaɓin baƙin ciki, kamar ranar aka yi rasuwar. Amma Sahura ta fita daga gidan da zuciya daban. Tsoron birni ya ragu, tsoron zama ya fi shi.

Ta gaya wa Tanimu. Ni ba zan ce Tanimu mugu ne ba, amma yana da halin da na tsana a wurin maza: maimakon ya tambayi masu sani, sai ya tafi majalisa. Can wani ya ba shi rabin ilimi, ya ce ai ƙwayar ciwon nan ta kwanciya ake ɗauka. Ya dawo ido jajur ya ce, "A ina kika samo shi?" Ya ce babu birnin da za ta, a tona masa asiri a gaban likitoci. Ya ce ta haɗa kayanta ta tafi gidansu sai ya neme ta. Matar da ta haifa masa maza huɗu ke nan.

Ta uku ita ce Yaya Lubabatu, yayar Tanimu, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A birni take, tana da rumfar atamfa. Da maƙwabta suka buga mata waya, ba ta aiko saƙo ba, mota ta hau. Ta same shi a shago yana fere katako, ta zauna a kan bencin da bai gama ba.

Ya ce, "Yaya, wannan maganar cikin gida ce."

Ta ce, "Ni ce cikin gidan. Ajiye abin nan ka wuce mu je."

Ta tasa shi gaba har wurin malamar asibiti. Malamar ta yi masa bayani a natse: ƙwayar nan ta zama ruwan dare, mutane da yawa, maza da mata, suna haɗuwa da ita ba su sani ba, ta kan yi shekaru a kwance, kuma babu mai iya nuna wanda ya kawo ta ko yaushe. Yaya Lubabatu ta juyo ta tuna masa cewa kafin Sahura ya taɓa aure, kuma ba wanda ya tuhume shi. Ta sa aka ɗebi jininsa shi ma. Ya fito kansa a ƙasa, ya ba da izini, amma ya ƙullaci yayar tasa. Namiji ba ya manta wanda ya ga kunyarsa da wuri.

Ita ko a jikinta. Ta ɗauki Sahura zuwa birni, ta bi layi da ita, ta riƙe mata mayafi a ƙofa. Aka cire tabon, mahaifa na nan daram. Likita ta ce sai ta yi makonni ba ta kusanci miji ba, Yaya Lubabatu ta ce to a ɗakina za ta yi su. Lokacin kuwa kasuwar sallah ce, da ita mai atamfa ke cin shekara. Ta rufe rumfa ta zauna jinya. Ƙanen da ta goya ya yi sallah bai kira ta ba, wannan ya sa ta kuka, ba ta ɓoye ba. Sai daga baya ya zo da kujera 'yar tsugunno da ya sassaƙa mata, ya ajiye a ƙofa ya durƙusa.

Da shekara ta zagayo aka sake duba Sahura, aka ce wurin ya warke sarai. Ranar da ta dawo ba ta wuce gida ba. Ta shiga gidan Suwaiba, ta cire ɗankwali, ta zauna tsakanin gwiwoyinta. Suwaiba ta ɗauki tsinke tana share hawaye da gefen zane, ta ce, "Kin ga yadda kika bar kan nan ya lalace?" Shi ke nan sulhunsu.

Bayan haka Allah ya ba Sahura ciki, ta sauka lafiya. Mace.

Tanimu ya ce shi ya zubar da bakin zaɓen suna tun ranar da ya ce ta haɗa kaya, don haka ita za ta faɗa. Sahura kuwa ta riga ta yi alkawari a ranta cewa in ta sami 'ya, za ta yi wa wadda ta ceci ranta takwara. Da ta zauna za ta fitar da ita, sai ta ga su uku ne.

Safiyar suna duk suna gidan. Suwaiba ta kitse kan mai jego tun jiya, wannan karon har ƙarshe, ita ce kuma ta sa wa jaririya 'yan kunnen ƙasan akwati. Inna Ramatu ce ta yi wa jaririyar wanka, don Sahura ta ce babu hannun da take so sai nata. Tsohuwar da ta saba da jikin da ya yi sanyi ta riƙe mai ɗumi yana tsala kuka, tana dariya tana hawaye. Yaya Lubabatu na bakin murhu tana ba da umarni kamar gidan nata ne. Babu wadda ta roƙi komai a cikinsu. Rago na ɗaure, maza sun cika zaure, liman na jira. Tanimu ya leƙo ƙofar ɗaki ya ce, "Sahura, wane suna zan kai musu?"

Nan na tsaya, saura naku. Da Suwaiba ba ta ajiye tsinken nan ba, da ba a ga tabon ba, Sahura za ta ci gaba da suyar awara har ranar da za a ce an makara. Da Inna Ramatu ba ta buɗe sirrin 'yarta ba, da ganin bai yi amfani ba, don mai ciwon ta riga ta zaɓi likkafani. Da Yaya Lubabatu ba ta hau mota ba, da Sahura na gidan iyayenta da zargi a kanta, babu izini, babu magani, babu auren da za a haifi yarinyar a ciki. Ɗaya ta ba da cinikinta da ƙawancenta, ɗaya ta ba da asirin 'yarta da ke kabari, ɗaya ta ba da kasuwarta ta kuma sa zumuncinta a wuta.

Kada wata ta ce mini a jera sunaye ukun, liman suna ɗaya zai raɗa. Kada kuma a ce a jira wata haihuwar, Sahura ta manyanta, wannan ce 'yar da ta samu.

To, Tanimu na tsaye a ƙofa. Suwaiba, Ramatu, ko Lubabatu: sunan wa ya kamata yarinyar nan ta amsa?