Hoton da Sunusi Ya Kasa Kallo

Akwai wani injiniya a Manchester mai suna Sunusi, mazaunin unguwar Withington. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙage ba, sai dai akwai wata magana da ta zauna masa daram a baki: "Jira ni." Matarsa ta sha ta, 'ya'yansa sun sha ta, amma babu wanda ya sha ta kamar yayansa Ja'afaru da ke Birmingham.

Ja'afaru ma'aikacin council ne, wato ƙaramar hukuma, a wata cibiyar matasa. A shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyar, aka sallame shi. Mutumin da ya saba da hayaniyar samari, sai ga shi a gida, daga kujera sai bakin taga. Idan ya kira ƙanen nasa, amsar ɗaya ce.

"Yaya, ina meeting. Jira ni, weekend ɗin nan zan shigo."

Weekend ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce.

Shi kuwa Sunusi babu abin da yake so a duniya kamar nutso a teku. Ya goya tukunyar iska a baya, ya riƙe kyamara, ya yi ƙasa. Kuma akwai wani ƙaton kifi mai fukafukai, faɗinsa ya fi tabarmar masallaci, da ya daɗe yana burin ɗauka a hoto, Allah bai haɗa su ba.

Wata rana Kubura, matar Ja'afaru, ta kira Sunusi.

"Baban Raki, yayanka fa ya daina magana. Likita ya ba shi magani, amma ni na san ɗan'uwa yake nema."

Maganar ta soki Sunusi. Nan take ya yanke shawarar tafiya da yayansa hutun bana. Ya sa shi a makarantar koyon nutso a can Birmingham, har ya samu shaidar kammalawa. Ja'afaru ya yi dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Ikon Allah! Ni da na koya maka iyo a kogin Wudil, ina riƙe da hannunka kana ihu, yau kai ne malamina?"

Suka tafi tsibiran Maldives, suka shiga wani ƙaramin jirgin ruwa. A cikinsa ake ci, a cikinsa ake kwana, a bisa katakonsa suke shimfiɗa darduma su yi sallah. Ruwan da ɗumi kamar an sirka. Ja'afaru ya warware, yana ci yana hira, har yana tsokanar Turawan da suke tare.

Shugabar masu nutson, wata mata mai suna Celestina, kullum kafin a shiga ruwa sai ta maimaita doka ɗaya. Ana shiga biyu-biyu. Duk wanda ya yi wa abokinsa alamar a hau sama, to an gama, babu tambaya, babu gardama. Su taso tare, kuma a hankali, don tasowa da gudu na iya nakasa mutum.

Sunusi ya ji dokar nan har ya gaji da jin ta.

Ana gobe za su dawo, suna can ƙasan ruwa, sai inuwa ta rufe su. Sunusi ya ɗaga kai. Ga kifin nan, yana tafe a hankali, yana kaɗa fukafukansa.

A daidai lokacin Ja'afaru ya taɓa kafaɗarsa. Idanunsa a zare, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya yi alamar a hau sama.

Jama'a, Sunusi ya gani. Wallahi ya gani, kuma ya gane. Amma sai ya ɗaga tafin hannunsa, ya yi wa yayansa abin da ya saba yi masa a waya. Ya juya, ya saita kyamara.

Da ya waiwayo, babu kowa a gefensa.

Tsoro ne ya kama Ja'afaru, numfashinsa ya sarƙe, ya yi sama da gudu shi kaɗai. Ko da Sunusi ya taso, an riga an jawo Ja'afaru cikin jirgi, Celestina ta ɗora masa na'urar shaƙar iska a hanci. Yana ta faɗin abu ɗaya: "Ƙafafuna. Ba na jin ƙafafuna."

Aka garzaya da shi asibitin wani tsibiri. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, rai ya tsira. Amma Ja'afaru a keken marasa lafiya ya koma Birmingham, kuma ko da ya miƙe daga baya, da sanduna biyu ya miƙe.

Tun daga nan Sunusi bai sake shiga ruwa ba. Kowace Juma'a daga masallaci yake kama hanyar Birmingham. Shi ke kai yayansa asibiti, shi ke tallafa masa a matakala. Abin da ya fi cin ransa shi ne Ja'afaru bai taɓa ce masa uffan a kan wannan rana ba. Ko Kubura bai gaya wa abin da ya faru a ƙasan ruwa ba. Sunusi ya gwammace a zage shi.

Wata Asabar da hantsi suna shan shayi, Ja'afaru ya ajiye kofinsa.

"Sunusi, wai ka dai samu hoton?"

Sunusi ya sunkuyar da kai. "Na samu, Yaya. Ban taɓa buɗe shi ba."

"To buɗe mini. Ai ni ban ga kifin ba, kai nake kallo."

Sunusi ya lalubo hoton a wayarsa, ya miƙa ba tare da ya duba ba. Ja'afaru ya daɗe yana kallo.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji shi. "Lallai yana da kyau."

Nan Sunusi ya durƙusa, ya kifa kansa a kan gwiwoyin yayansa, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Yaya, ka yafe mini. Ka ce mu tafi, na ce ka jira."

Ja'afaru ya kamo hannunsa ya riƙe gam.

"Na yafe maka tun muna jirgi. Kuma ai ka zo. Tashi, shayinka zai huce."

Darasi: Idan naka ya nuna maka ya gaji, ka saki duk abin da ke hannunka ka je gare shi a lokacin. Abin da kake bi zai iya sake zuwa, amma ba kowane mai kiranka ne yake da sauran numfashin jiranka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, sannan ku kira wanda kuka daɗe kuna ce wa ya jira.