Matar da Aka Zaga Kasuwa da Ita a Baro

Akwai wani mutum manomi a wani gari, yana da mata mai suna Afiniki. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, dawa kuma ba ta ko fid da kai ba, ciwon ciki ya kwantar da ita. Ya kai ta asibitin birni. Likita ya duba, ya ce sai an yi mata aiki, kuma kada a ja lokaci, in an ja za a rasa ta. Mutumin ya sayar da awakinsa da kekensa, abin da ya samu bai kai ko'ina ba. Ya dawo da ita gida.

To, garin nan yana fama da wata annoba wadda ba ta kwantar da mutum, sai dai ta cika masa kunne, wato masu neman taimako a kan titi. Ba gurgu ko makaho nake nufi ba. Waɗannan ƙarti ne lafiyayyu, da riguna iri ɗaya, da lasifika, da kwali mai huda a bisa. Babbansu Gambo ne, ana ce masa Mai Lasifika. Ya daɗe yana yawo da hoton wata kumburarriyar ƙafa, har mai ƙafar ya warke, ya yi aure, ya aurar da 'ya, ƙafar tana nan a kumbure a hoto. In ka ba su da safe, su tare ka da rana. In ka ce ai ka riga ka bayar, su ce wancan na ƙafa ne, wannan na ido ne. In ka ce ba ka da shi, su raka ka har bakin ƙofarka suna yi wa masu taurin zuciya addu'a da ƙarfi, don maƙwabta su san da wa ake.

Mutanen garin suka gaji, suka koyi dabara. Da an ji lasifika, kowa sai ya kau da kai gefe ya ƙara sauri. Suka ƙware a kan haka har teloli suka fara karkata wuyan riga don ya dace da wuyan mai ita. An ce jakunan garin ma sun koya. Ni dai ban gani ba, amma wanda ya gaya mini dattijo ne, ba zan ƙaryata shi a gabanku ba.

Afiniki tana kwance a tabarma ta ce wa mijinta, "Maigida, ka je wurin Baba Filibus. Benci ɗaya kuke zama kowace Lahadi. Ka faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa ikkilisiya."

Ya ce, "Da wane ido? Ni da ban taɓa aron ko gishiri a gidan wani ba, a tashi a kira sunana a gaban jama'a?"

Ta ce, "Sunanka lafiyarsa ƙalau. Cikina ne ke ciwo."

Ya sa takalmi ya fita, ya wuce ƙofar Baba Filibus, ya nufi wurin Gambo, gama ya ga roƙon da wani zai yi a madadinsa ya fi sauƙi.

Gambo ya saurare shi yana girgiza kai irin na wanda ya saba. Ya ce, "Baba, hoto ya daina aiki. Mutanen yanzu sai sun ga mai ciwo ido da ido. Ka kawo ta ranar kasuwa, mu sa ta a baro mu zaga."

Manomin ya ce, "Amma kada a ambaci sunanta, ko nawa."

Gambo ya ce, "Mu ba ma kiran suna. Duk wanda ya hau baron nan maraya ne."

Ranar kasuwa aka shimfiɗa zane a baro, aka kwantar da Afiniki, ƙafafunta suna reto. Rana ta fito bayan ruwan safe, tana ƙuna. Mijin ya ja hula har gira, yana bin su daga nesa, yana fakewa a bayan rumfuna. Gambo ya kai lasifika baki ya ce, "Jama'a, baiwar Allah ce. Ba uwa, ba uba, ba miji, ba kowa." Mijin yana ji.

Kasuwar nan kuwa ta yi abin da ta saba, wuya ya karkace daga wannan baki zuwa wancan. Fuskar Afiniki a buɗe take, ko mayafi ba a rufa mata ba. Matan zumuntar ikkilisiya da suke waƙa tare da ita suka wuce, idonsu a kan tumatir. Mai nama da ta daɗe tana saye a wurinsa ya duƙufa yana wasa wuƙa. Can sai ga Baba Filibus. Hanya ta matse, dole ya raɓa ta gefen baron, har rigarsa ta shafi ƙarfen. Afiniki ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Filibus." Lasifika ta haɗiye muryar. Dattijon, kansa a karkace, ya ce, "Allah ya hore," ya wuce.

Mijin ya ga duk wannan daga bayan rumfar masu hatsi. Ya kuwa ji sanyi a ransa, domin ba a gane su ba.

Da kasuwa ta watse, Gambo ya zazzage kwalin. Ya cire hayar baro, ya cire na batir, ya cire na abincin masu turawa, ya cire rabonsa. Abin da ya rage ya isa koko da ƙosai. Ya miƙa ya ce, "Ba su saba da ita ba ne tukuna. Kasuwa mai zuwa za ta fi. Kada dai ka damu da ramewar, tana taimakawa."

Afiniki ba ta kai kasuwa mai zuwa ba.

Ranar binnewa gari ya cika gidan. Aka shigo da buhunan masara da shinkafa, da man gyaɗa, da rago. Matan zumunta suka ɗora tukwane suna kuka. Gudummawar da aka tara a tsakar gidan nan ta isa a yi aikin asibitin, a dawo gida a mota, a kuma sayo keken da aka sayar.

Baba Filibus ya kama hannun manomin, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ɗan'uwana, ashe haka ciwon ya kai? Me ya sa ba a faɗa mana ba?"

Manomin ya ce, "An faɗa muku, Baba. Da lasifika, a tsakar kasuwa. Rigarka ta shafi baron. Ta kira sunanka."

Dattijon ya saki hannun manomin. Sa'an nan ya ce, "Kai kuma kana ina?"

Ya ce, "Bayan rumfar masu hatsi."

Suka zauna a tabarma ɗaya, ba wanda ya ƙara dubar wani.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Na san kun riga kun kama Gambo kun ɗaure, kuna jira in yanke masa hukunci mu tashi. Yana da nasa, kuma mai nauyi ne. Wanda ya mai da jinƙai sana'a, ya yi ta buga ƙofar tausayi har mutane suka toshe ta, zai amsa a gaban Ubangiji domin kowane mai gaskiya da ya zo daga baya ya tarar da ita a toshe. Amma Gambo ba ya cikin majami'ar nan. Na duba da kyau kafin in fara.

Wanda ke nan shi ne Baba Filibus. Gajiyarsa gaskiya ce. An dame shi, an yaudare shi, mu ma haka. Ba wanda ya ce dole ku jefa wani abu a kowane kwali, ni ma ba na jefawa. Amma gajiyar ta zama masa ɗabi'a, ɗabi'ar ta cire masa ido. Hana kuɗinka hukunci ne da za ka iya yankewa bayan ka duba. Shi bai duba ba.

Manomin ma yana nan, watakila a benci na baya. Abin da ya kira kunya girman kai ne da ya sa rigar Lahadi. Allah ya ba shi 'yan'uwa, ya gwammace ya ji ana shelar matarsa ba ta da miji da a ji cewa yana da bukata.

Mu kuma, mutanen kirki ne ƙwarai ga gawa. Buhunmu ba ya makara wurin makoki.

Don haka in kun ji lasifika a makon nan, ku daidaita wuya ku dubi fuskar da ke baron, sa'an nan ku yi abin da Ubangiji ya sa a zuciyarku. Yanzu kuma kowa ya dubi bencinsa. In akwai gurbin da aka kwana biyu ba a zauna ba, kada ku jira sanarwa. Ku bi ta gidan kafin ku ci abincin rana, ku yi sallama, ku shiga har ɗaki.