Irin Tumatirin da Ba Shi da Suna

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A garin Kwarin Dinya tsutsa ta addabi tumatir, tana cinye shi tun yana fure, har samari suka fara sayar da injinan ban-ruwa suna tafiya ci-rani. Wata 'yar garin, Dakta Turai, ta duƙufa a ɗakin bincike har furfura ta fito mata. Ta gyara ƙwayar halittar iri, ya zamana tsutsa ba ta taɓa shi.

Amma fa iri ya maƙale. Hukumar iri ta ce sai ta muhalli ta sa hannu, ta muhalli ta ce sai ta abinci, ta abinci kuwa ta ce sai ta iri. Kowace tana son gwajinta daban, na kaka guda cur. Abin haushi, iri na cikin kwalba yana lalacewa, gari na watsewa.

Sai Sallau, sarkin noman garin, ya ɗauki goro ya bi ofisoshin nan ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, gayya muka kira, a zo a sa mana albarka." Bai gaya wa kowa ya gayyato sauran ba. Shugabannin uku suka yi kiciɓis a gonar gwaji, suka ga allunansu uku a kafe, ma'aikatansu na layi don auna ganye ɗaya.

Biyu suka sunkuyar da kai. Alhaji Mantau na hukumar iri ya ce, "Wallahi mun zalunci mutanen nan. A mai da gwajin ɗaya, a hannun hukuma ɗaya, ko da ba tawa ba." Ya san abin da ya jawo wa kansa. Da majalisa ta gyara dokar, ofishinsa aka rushe, ya koma gida ba kujera ba direba.

Aka yi gwaji ɗaya, aka ba manoma izinin shuka irin. A ranin da ya biyo baya manyan motoci suka yi jerin gwano a Kwarin Dinya, kwanduna jajawur. Samari suka dawo, aka yi ta guɗa.

Yanzu manoma sun ce iri ba ya shiga kasuwa ba suna, kuma sunan mutum ɗaya za a sa masa. To, na wa za a sa: Turai, Sallau, ko Mantau?