Tsaga Biyu A Kunnen Hagu

Akwai wani dillalin dabbobi a Maradun mai suna Gajere. Da baki yake cin abinci: masu kuɗi na ɗaukarsa ya zaɓar musu rago, don ya ce da kallo ɗaya yake gane jini. A wurinsa komai jini ne, kiwo kuwa wahalar banza.

Wata shekara tunkiyarsa ta haifi tagwaye, ɗaya kakkaura, ɗaya kamar ka hure shi ya faɗi. Ya yi musu shaidar gidansu, tsaga biyu a kunnen hagu. Da aka yaye su sai ya aika wa ƙanwarsa Raliya ramammen a Bakura, wai kyauta. Mu dai mun san zubarwa ce.

Raliya ta ɗaure shi a inuwa, ga dusa, ga harawa, ga kanwa a ruwa. Shi kuwa Gajere ya saki nasa yana kiwon leda a bola, tunda ai jini zai yi aikinsa.

Bayan shekara biyu, ana gab da Babbar Sallah, Alhaji Ummaru, babban mai sayayyarsa, ya tafi da shi kasuwar Talata Mafara. Nan suka ga wani rago kamar maraƙi, mutane sun kewaye shi. Gajere ya gyara hula.

"Alhaji, wanga ba irin ƙasarmu ba ne. Daga Sudan aka kawo ubanai. In na yi ƙarya kada ka sake ɗauka ta."

Sai mai ragon ya ɓullo daga bayan taro. Khalil ne, mijin Raliya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaya, ba ka gane shi ba? Duba kunnen."

Gajere ya duba. Tsaga biyu, aikin wuƙarsa. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ido.

Khalil ya ba Alhaji labarin tagwayen. Alhaji ya ce, "To ina ɗan'uwan nasa mai jini?"

"Shina nan lahiya," in ji Khalil. "Shekaranjiya na gane shi bayan tashar Maradun yana cin kwali."

Alhaji ya sayi ragon, ya ce daga bana Raliya za ta riƙa yi masa kiwo. Aikin da ya rage wa Gajere ranar shi ne jan igiya zuwa mota.

Darasi: Asali kaɗai ba ya ƙiba. Dabba ko ɗan Adam, inda ya tashi da kulawar da ya samu su ke gina shi, don haka kada ka raina ramamme. Tura wa wanda ka san yana fariya da jini.