Zabuwar da ke Kan Jitar Jatau

Ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni sai na kai aya, don akwai shari'a a ƙarshe, ku ne kuma alƙalan.

A Funtuwa an yi wani kafinta, Jatau, wanda ya shekara talatin yana ƙera jita. Hannunsa na da kyau ƙwarai, amma ba wanda ya san shi. Dalili kuwa, tun farko wani dillali, Alhaji Mati, ya ce masa babu mai sayen jitar da aka ce a Funtuwa aka yi ta. Saboda haka Jatau yakan bar kan jitar fayau, wato ɗan katakon nan na sama inda ake ɗaure tsirkiya, Alhaji Mati ya kwashe, ya manna sitikar Turawa, ya kai Kaduna. Sau biyu Jatau ya liƙa takarda mai sunansa, sau biyu Alhaji ya sa farce ya ɓare ta a gabansa yana dariya.

Abin da ya fi ci wa Jatau rai shi ne ranar da ya ga wani saurayi a wajen biki yana kaɗa jitar da shi ya yi da hannunsa. Ya matsa ya faɗa masa. Saurayin ya nuna sitikar ya ce, "Baba, ka iya karatu kuwa?" Aka yi ta dariya, Jatau ya koma gida bai ci abincin bikin ba.

Da tsufa ya zo, hannu ya fara rawa, sai ya yi wata takwas yana lallaɓa jita guda ta katakon maɗaci, ya kuma san ita ce ta ƙarshe. Ya rantse wannan kam sai ta ɗauki sunansa da tambarin mahaifinsa, wato zabuwa, wadda tsohon yakan ƙona da ƙarfe a ƙarƙashin kujerun da ya sassaƙa. Ƙarfen ya ɓace tuni. Hannun Jatau kuwa ko kofin shayi ba ya kai shi baki bai zubar ba. Sai ya kira 'ya'yansa uku: Cindo mai rubutu a jikin manyan motoci, Lantana mai lalle, da autansu Dogara mai fentin mota. Ya ce, "Duk wanda ya sa mini sunana a kan jitar nan yadda farcen Mati ba zai cire shi ba, jitar tasa ce."

Ni dai da ya nemi shawarata, da na ce kada ya ce "duk wanda". Mutum uku ne da kowannensu ke ganin sana'ar 'yan'uwansa wasan yara ce.

Cindo ya fara. Ya hau babur cikin ruwan damina har Dandume, gidan wata gwaggonsu, ya kife tsohuwar kujerar kakansu, ya ɗora takarda ya goga gawayi har zabuwar ta fito. Ba don shi ba, da ba wanda zai sake ganin kamanninta. Amma da ya dawo, sai ya tsoma buroshi ya far wa kan jitar kai tsaye. Ɗanyen katako ya shanye fentin, ya baje, zabuwa ta koma kwaɗo. Jatau ya goge da samfefa yana tsaki. Karo na biyu rubutun ya tsaya, sai dai hannun da ya saba da bayan gingimari bai iya barin fili ba: ya ƙara fure biyu, ya rubuta "Sai Haƙuri" a ƙasa.

"Kai Cindo!" in ji Jatau. "Jita ce ko motar Legas?"

Ya sake gogewa. Yanzu kan jitar ya yi siriri, in aka ƙara guga ɗaya, ranar da aka ja tsirkiya zai karye, aikin wata takwas ya tafi ke nan. Jatau ya hana Cindo ko taɓa ta. Kunya ta kama Cindo, ya fige buroshinsa har saura gashi uku, ya bar motocin mutane suna jira a tasha, ya yi kwana shida yana gwaji a takarda. A ƙarshe ya fitar da zabuwa da ruwan gwal, ba ta fi babban yatsa ba, da ɗigo-ɗigonta duka, da sunan uban a ƙasa. Amma tana kan takarda, ba hanyar da za ta hau katako.

Lantana ta zo ta tarar da su sun yi tagumi, ta ce ita ba ta taɓa ganin mutanen da ke gwaji a kan ƙafar amarya ba. Ta jiƙa ƙaro ta shafe takarda da shi, ta shanya, ta bi shi da man sheƙi siriri kamar yanar madara. A kan wannan yanar Cindo ya sake zana zabuwar. Ta yanke gefen da reza, ta tsoma a faranti mai ruwan ɗumi, ƙaron ya narke, yanar ta rabu da takarda ɗauke da zanen. Huɗu suka yage a hannunta, Cindo yana sake zanawa, Jatau yana tsaye a kanta yana cewa "Na shiga uku" duk bayan ɗaya, har ta ce, "Baba, don Allah ka je masallaci." Ta mayar da amare biyu a makon nan. Ta biyar ta zame da ita kan katakon, ta lallashe ta da gashin kaza har ta kwanta daidai, ba kumfa ba karkata. Sai dai mai lalle ta saba da adon da ke yin sati biyu ya tafi. Washegari danshin damina ya ɗaga gefe ɗaya. Jatau ya kai farce kusa, ya ga ko shi mai rawar hannu zai iya ɓare ta, balle Alhaji Mati.

Dogara ya ce su matsa, ya jawo injin feshinsa zai yi mata wankan man sheƙi irin wanda yake yi wa gaban mota. Jatau ya rungume jitar yana ihu. Da ƙyar Dogara ya yarda ya gwada a kan ɗaya daga cikin yagaggun, nan take ruwan gwal ya narke ya tsiyaye. Daga nan ya koma yana tsayawa nesa, yana sakin feshin kaɗan-kaɗan kamar raɓa, ya jira rana ta leƙo ya shanya, ya bi da samfefa mai laushi da ruwa, ya sake. Sau tara ya yi haka cikin sati biyu, yana dakon hadari kamar manomi. Da ya gama, zabuwar ta nutse a cikin sheƙin, in ka shafa ba ka jin inda ta fara ko inda ta ƙare.

Labari ya kai wa Alhaji Mati, ya zo da sitikarsa a aljihu. Ya ɗauki jitar, tun kafin su gama gaisawa farcensa ya tafi neman gefe yadda ya saba. Ya zagaya, ya sake zagayawa, bai samu ba. Ya juya ta wajen haske, ya karanta a fili: "Jatau, Funtuwa."

"Sake karantawa, Alhaji," in ji Jatau. "Kunnena ya yi nauyi."

Ya sake. Jatau ya karɓi jitarsa ya ce ba ta sayarwa ba ce, ya juya wa mutane baya don kada a ga idonsa. Shekara talatin yake jiran sunan nan daga bakin nan.

Ko ƙofar gida Alhaji bai kai ba rigima ta tashi. Cindo ya ce ba don zanensa ba, me za a manna? Lantana ta ce, "Yaya, zanenka sau biyu ya kusa kashe jitar." Dogara ya ce sharaɗin Baba farcen Mati ne, shi ne kuma ya hana farcen. Jatau ya kore su duka, ya rataye jitar a ƙusa. Tana nan har yau ba a kaɗa ta ba, ga tsohon kullum ƙarfi na raguwa, yana so ya cika alkawari da bakinsa tun yana iyawa.

To, Cindo ya nemo zabuwar ya zana ta, Lantana ta ɗora ta ba tare da an karya kan jitar ba, Dogara ya binne ta inda farce ba ya kaiwa. Jita ɗaya ce. Wa Jatau zai miƙa wa?