Harafi Ɗaya da Sa'id Ya Ƙi Gyarawa

Sa'id saurayi ne haifaffen unguwar Ƙurban a Madina, jikan mahajjatan da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. Yana jin Hausa sarai, amma in an yi masa magana da ita, da Larabci yake amsawa. Sana'arsa ɗaukar gajerun bidiyo yana sawa a intanet, kuma Allah ya ba shi basira a kanta. Aibinsa ɗaya ne: ba a yi masa gyara. Ko hularsa aka ce ta karkace, sai ya ce haka yake so.

Wata shekara ya ji cewa a wasu ƙasashe akwai ranar da ake ware wa wasan duka da matashin kai, cikin watan Afrilu. Nan take ya ƙudura zai yi bidiyonta, kuma da Hausa zai rubuta takensa, don ya jawo masu kallo daga Najeriya da Nijar.

Ya tafi unguwar Al-Azizya wurin Rilwanu, wani magidanci ɗan Maradi da ke ɗinka katifu a shagon wani Balarabe. Iƙamar Rilwanu, wato takardar zamansa, tana hannun mai shagon, kuma lokacin sabunta ta ya kusa.

"Ƙanena, ni baƙo ne a garin nan," in ji Rilwanu. "Maigidana ba ya son hayaniya ko ta ƙuda."

"Ma fi mushkila, babu matsala, Yaya Rilwanu. Wasa ne. Matashi ya taɓa kashe mutum?"

Rilwanu ya yi dariya ya yarda, har ya ara musu tsofaffin matasai daga shagon. Sa'id ya tara abokansa a lungun bayan shago, aka yi ta gudu ana ihu ana jibgar juna. Rilwanu ya zame ya faɗi, aka taru a kansa, yana ta dariya.

Da Sa'id ya koma gida ya yanke bidiyon. Ya zaɓi wurin da ƙura ta tashi, ana ganin ƙafafu da hannuwa da Rilwanu a ƙasa, matasan kan kuwa ba su fito sosai ba. Ya ce sai gobe zai saki cikakken. A sama ya rubuta: "Faɗan matasa a Madina, an kayar da ɗan Nijar."

Gwaggonsa Ƙaltume, yayar mahaifinsa, tana zaune tana tsintar shinkafa. Ya miƙa mata wayar don ta yaba. Ta sa tabarau ta karanta a hankali.

"Matasa? Waɗanne matasa?"

"Mikhadda, ya Gwaggo. Abin da ake ɗora kai. Ɗaya matashi, da yawa matasa."

"Da yawa matasai. Matasa samari ne irinka. Abin da ka rubuta, samari sun yi faɗa a garin Manzo sun kayar da baƙo. Ƙara harafin nan, ko ka ce matasan kai."

Sa'id ya karɓe wayarsa. "Wannan Hausar zamanin raƙuma ce. Kowa zai gane."

"Kai da ko gaisuwa ba ka ƙarasa ta da Hausa?"

Maganar ta sosa masa inda yake masa ciwo. Ya dube ta ido cikin ido, ya danna, bidiyon ya fita.

"Khalas, an gama. Ya tafi a haka, kuma a haka zai zauna."

Kafin la'asar bidiyon ya bazu fiye da duk wanda ya taɓa yi. Masu kallo suka yi ta rubuta masa gyara a ƙasa, yana gogewa. Wani ya tambaya ko ɗan Nijar ɗin yana raye. Sa'id ya ga tambayar, ya ga yadda masu kallo ke ƙaruwa, ya ci gaba da goge gyare-gyaren.

Rilwanu ya kira shi. "Mahaifiyata ta bugo daga Maradi tana kuka. Don Allah ka sauke abin nan, ko ka gyara."

"Gobe in na saki cikakken kowa zai yi dariya. Ba na sauke aikina don wasu ba su fahimta ba."

Goben ba ta zo yadda ya tsara ba. Manhajar da ya sa bidiyon a cikinta tana fassara rubutu da kanta, ta juya taken zuwa Larabci yadda aka rubuta shi: samari sun yi faɗa. Maƙwabta suka gane lungun, suka gane allon shagon. Da safe aka kira mai shagon da Rilwanu ofishin 'yan sanda. Sa'id ya je da cikakken bidiyon, aka kalla, aka ja masa kunne, aka sallami kowa.

Amma mai shagon bai yi dariya ba. Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa kiransa gaban hukuma ba, sai a kan ma'aikacin da ya kwashi kayansa ya yi wasa da su. Ya ƙi sabunta iƙamar. Sa'id ya roƙa, mahaifinsa ma ya je ya roƙa, mutumin ya ce ya gama magana.

Ranar da Rilwanu zai koma Maradi, Sa'id ya same shi yana ɗaure jakarsa. Ya fara ba da haƙuri, yau da Hausa, yana tuntuɓe a kan kalmomin. Ya ce ya gyara taken.

"Ka gyara wa wa?" in ji Rilwanu. "Na roƙe ka lokacin da gyaran zai yi amfani. Ba zan ce na yafe don ka samu barci ba. In zuciyata ta sauka, Allah zai sani."

Ya ɗauko wani matashi sabo, na ƙarshe da ya ɗinka a Madina, ya ɗora masa a hannu.

"Kai wa Gwaggo Ƙaltume. Ita ta san sunansa."

Darasi: Wanda ya ƙi gyara ba shi kaɗai yake biyan kuɗin girman kansa ba, sau da yawa mai rauni a kusa da shi ne ke biya. In za ka yi magana a gaban duniya da sunan wani ko da fuskarsa, ka saurari wanda ya fi ka sanin harshen, ka gyara tun gyaran yana da sauƙi. Harafi ɗaya ne ya raba matashin kai da samari, kuma shi ya raba Rilwanu da abincinsa.