Injin Niƙan Wada a Misfala

Akwai wani mutum a Makka mai suna Wada, yana da injin niƙa a wani lungu na Misfala. Wajen 1963 babu matar Hausa a unguwar da ba ta san ƙofarsa ba.

Kafin ya iso Makka, Wada ya daɗe a Musawwa, bakin tekun Iritiriya. Yana can Ingila ta ƙwace ƙasar daga hannun Italiya. Bayan yaƙi sai sababbin masu iko suka ce injinan masana'antu diyyar yaƙi ne, a kwance su a loda a jirgin ruwa. Aka naɗa Wada shugaban leburori, aka ba shi hula da sanda.

Wata rana aikin ya iso masana'antar ƙanƙara. Wani makaniki ɗan garin mai suna Yunus ya tare shi.

"Ku ɗauki komai, amma ku bar ƙaramin famfon nan," in ji Yunus. "Da shi unguwarmu take shan ruwa. Mu ba mu yaƙi kowa ba. Ka faɗa wa Baturenka."

Wada bai faɗa ba. Ya ture shi da sanda ya ce, "Wanda aka ci da yaƙi ba ya zaɓe." Aka kwance famfon.

Shekaru suka wuce. Aikin faɗaɗa Harami da hanyoyinsa ya iso lungun Wada. Mai gidan da yake haya ya karɓi diyya ya tashi. Wada ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, balle takardar shago, don haka babu wanda ya nemi jin ta bakinsa.

Da safe ma'aikata suka zo da motar rusau. Injin yana kafe a siminti, kuma shi ne abincin Wada da matarsa Safara'u da 'ya'ya biyar. Ya ruga wurin shugaban ma'aikatan.

"Ya mu'allim, don Allah a ba ni zuwa gobe in cire injina."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ba kai ne mai sanda na Musawwa ba?"

Yunus ne, ya yi furfura.

"Bayan famfon nan mun koma shan ruwan rijiya mai gishiri," in ji Yunus. "A shekarar na binne 'yata Maryama."

Wada ya juya zai tafi, ya riga ya cire rai. Sai ya ji Yunus yana ce wa direba ya fara daga ɗaya ƙarshen lungun. Yunus ya aika aka kawo masa sifana, ya durƙusa da kansa ya kwance injin, ƙusa bayan ƙusa, ko ɗaya bai ɓata ba. Kafin la'asar an kai shi unguwar Hindawiyya a kura.

Wada ya riƙe hannunsa yana kuka, yana neman gafara.

"Ba don kai na yi ba," in ji Yunus. "Matan can na duba." Ya nuna su da haɓa, suna tsaye da ƙwaryar gero tun safe.

Sau da yawa Safara'u ta aika a gayyato shi cin abinci. Yana amsa sallamar Wada a duk inda suka haɗu, amma bai taɓa zuwa ba.

Darasi: Idan aka ba ka iko a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, ka saurare shi, domin ɓarnar da ka yi ba lallai ta gyaru ba ko da an yi maka alheri daga baya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da wani muƙami.